Kujera ta Uku

Duk wanda ya taɓa bi ta layin kafintoci ya san Auta. Ita kaɗai ce mace mai riƙe zarto a layin, fensir maƙale a gefen ɗankwali, dusar katako har a gira. In baƙo ya leƙo shagon ya ce maigida yake nema, sai ta ce, "Wanne daga ciki?" Mahaifinta, wanda kowa ke kira Baba Kafinta, yana can ciki wajen injin yanka yana jin ta, bai taɓa gyara mata wannan maganar ba. Auta yake ce mata, alhali ita ce fari ita ce auta, babu wa babu ƙani.

Tana tatata mahaifiyarta ta rasu. Ana share makoki yayar Baba ta zo da zanin goyo a hannu, ta ce a ba ta yarinyar. "Namiji da rainon 'ya mace? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kai ma ka sani." Baba ya sunkuyar da kai ya ce, "To Yaya, na ji." Gwaggo ta san ƙaninta: in ya ce ya ji, to bai ji ba. Washegari ya ƙera wani akwati mara murfi, ya goge shi sumul don kada ya soke ta, ya shimfiɗa bargo a ciki, ya ajiye kusa da teburin aikinsa. A nan Auta ta fitar da sauran haƙoranta, da guntun katako ta yi ta cizo.

Rainon namiji kuwa sai wanda ya gani. Da lokacin makaranta ya yi, Baba ya ce ba za a yi wa 'yarsa dariya ba, shi zai yi mata kitso. Da rula yake tsaga mata gashi. Duk makarantar babu mai tsaga madaidaiciya irin tata, kuma babu mai kitso mummuna irin nata, domin ɗaurin da yake yi wa katako a kan mota shi yake yi wa kanta. Ta sha kuka, har ranar da ta karɓi matajin ta koya wa kanta a gaban madubi.

Amma ta ci riba, kuma in ana hira ita da bakinta take lissafawa, tana dariya. Babu wanda ya taɓa ce mata wannan aikin maza ne, don babu mai faɗa. Tun ba ta kai tebur tsawo ba ta san ƙusar da ke tsaga katako da wadda ba ta tsagawa. Uba nata ne ita kaɗai, in ta yi magana ana saurara har ta kai ƙarshe. Ko labule za a canza a gidan sai an tambaye ta, shi ya sa ta tashi ba ta jin tsoron buɗe baki a gaban kowa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kafin ta gama sakandare masu kawo aiki sun fara cewa, "A ba Auta ta yi mana ƙofar."

Asarar ma ba ta ɓoye ta. A gidajen ƙawayenta in uba ya yi faɗa uwa ke rarrashi. A nasu gidan mai faɗan shi ne mai rarrashin, sai Baba ya gama faɗa ya fita, ya zaga bayan gida, ya dawo da wata fuskar ya ce, "Wa ya taɓa mini ke?" Ranar da ya kwanta da zazzaɓi ita ce mai dafa ruwa, ita ce mai buɗe shago, ita ce mai kuka, babu wanda za ta ce wa riƙe mini nan. Sai kuma kalmar Mama. Yaran layin suna kiran kowace dattijuwa da ita, Auta ba ta taɓa iyawa ba. In ta zo bakinta sai ta maƙale, saboda haka duk matan unguwar Gwaggo ne a wajenta, har masu talla.

Babbar asarar ita ce wadda su biyun ba su ma san suna da ita ba: ba su iya maganar zuciya da baki ba. A kan aiki sai su wuni suna musu, har maƙwabta su leƙo. Amma abin da ya shafi rai, katako ke isar musu da saƙo. In Baba ya saɓa mata, ba zai ce yi haƙuri ba, sai ta tarar an gyara marfin kabad ɗinta da ke ƙara. In ita ce mai laifi, sai ya tarar an wasa masa duk zartunansa. Ranar da ta ci jarrabawa bai ce uffan ba, ta dawo ta ga sabuwar kantar littattafai a bango. Haka suka zauna lafiya lau, kowa yana karanta ɗan'uwansa a jikin katako, kuma ba su taɓa yin kuskuren karatu ba sai a kan maganar kujera.

Baba yana da doka a kan kujera. Ba ya ƙera ta sai ya zaunar da mai ita ya auna ƙwaurinsa daga gwiwa zuwa ƙasa. "Kujerar kowa da kowa ba ta kowa ba ce," in ji shi. A gida teburinsu na cin abinci kujeru biyu gare shi. Da can ma biyu ne, tasa da ta matarsa. Bayan rasuwar ya kwance ta matarsa, ya ƙera wa Auta tata da katakon, mai dogayen ƙafafu don ta kai tebur. Tana girma yana rage ƙafafun, har ta daidaita da tasa. Baƙo in ya zo a benci yake zama. Babu baƙon da ya taɓa samun kujera a wannan teburin.

To, sai ga Dogo.

Dogo direban motar da ke kawo musu katako ne. Sunan bai yi masa ƙarya ba, in zai shiga shagon mutane sai ya rusuna kamar mai gaida surukai. Auta ce ke karɓar kaya a bakin titi, Baba yana ciki wajen inji, iyakarsa da direba ɗaga hannu daga nesa, Dogo yana zaune a gaban mota. Daga musu a kan katakon da bai bushe ba aka koma gaisuwa, daga gaisuwa aka koma Dogo yana kashe mota alhali an gama sauke kaya. Mutum ne mai sanyin magana. Rannan ya ce mata, "Ni fa da gaske nake. Ki ba ni izini in turo manya."

Auta ta ji kamar ta yi tsalle ta taɓa rufin shago. Amma da ta juya ta hango ƙeyar Baba, ya duƙa a kan inji, furfura ta cinye rabin kan, sai murnar ta koma ciki. Wa zai faɗa masa? 'Yan mata uwa suke raɗa wa, uwa ta san lokacin da za ta kai wa uba. Ita ba ta da wannan gadar, Gwaggo kuma ta riga mu gidan gaskiya. In ma an faɗa masa, ta tafi ta bar shi da kujera ɗaya babu kowa a kai? Ta ce wa Dogo ya dakata. Ya dakata, ya sake tambaya, ta sake cewa ya dakata. Da abin ya yi nisa ya ce, "Ba na gaggawa, amma a gida an fara nuna mini wasu. Ki taimake ni da magana ɗaya." Ta san gaskiyarsa ce, kuma ta san haƙurin mutum yana da iyaka.

Ana cikin haka, wata ranar da hantsi Baba ya ce zai tsallaka ya sayo ƙusa. Wannan sayen ƙusar ya daɗe yana ba ta haushi. Gwangwanaye cike suke a kan kanta, ƙusar da za ta ishi layin gaba ɗaya, amma kullum sai ya tsallaka titi shagon Mai Ƙusa, wata gajeriyar bazawara mai fara'a da ke sayar da ƙusa da gam da fenti, ya daɗe, ya dawo da ɗan ƙulli. Auta ta ɗauka tsufa ne. Ta shiga ɗakin ajiya na baya neman wani falle, ta ja tamfol, sai ta yi turus.

Kujera ce sabuwa, ba a ko shafa mata fenti ba. Irin na teburinsu ce sak, har 'yar lanƙwasar da Baba ba ya yi wa kujerar sayarwa. Kujera ta uku.

Auta ta toshe baki da hannu biyu. Ashe ya sani! Ashe duk ɗaga hannun nan daga nesa tsohon yana lura! Ya sani, ya yarda, kuma ya faɗa mata ta hanyar da suka saba. Ta zaga kujerar, ta shafa ta, ta rungume ta, ta yi 'yar rawa a tsakanin katakai har ta buge gwiwa ba ta ji zafi ba. Daɗi kamar ya kashe ta. Sai da ta zauna a kai ta lura da matsala: kujerar gajera ce ƙwarai, ita kanta gwiwoyinta sun taso. Ta ƙyalƙyale da dariya. Allah sarki Baba, a zaune a mota kawai yake ganin mutumin, ina zai san tsawonsa? In Dogo ya zauna a nan ai da gwiwa zai toshe kunne.

Ba ta ga abin magana ba. Washegari da Baba ya tafi sayen ƙusarsa ta zaro ƙafafun, don bai riga ya sa gam ba, ta yanko dogaye daidai ƙwaurin Dogo, wanda ta daɗe da aunawa da ido. Ta mayar da tamfol. A ganinta ta ba da amsa sarai: na gode Baba, amma ga tsawonsa. Ranar ta wuni tana waƙa, ta dafa abin da Baba ya fi so, ta aika wa Dogo cewa ya fara shiri, alamu sun yi kyau.

Baba kuwa ya ci abincin shiru, ya bar rabi.

Da ta sake leƙa ɗakin ajiya, an yanke ƙafafun. An yanke su tsaf, an goge bakin, an mayar da kujerar gajera kamar da. Guntayen suna jere a gefe.

Baba ba ya kuskuren awo sau biyu. In ya ga tsawon mutum ya sa zarto ya rage, me yake nufi? Direba bai kai ba ke nan? Ta tsaya tana juya guntun katako a hannu, idonta ya ciko. Can kuma taurin kan da shi ya koya mata ya motsa. Ta ce a ranta wataƙila bai gane ba ne, bari ta ƙara faɗa da ƙarfi. Ta yanko wasu dogayen daga katako mafi kyau a shagon, wannan karon ta sa gam, ta ɗaure.

Gidan ya koma wani iri. Ana gaisawa, ana miƙa wa juna gishiri, kowa yana satar kallon kowa. Ta wasa masa zartuna, ya gyara mata marfin kabad da lafiyarsa ƙalau. Kowa yana ba da haƙuri, babu wanda ya san laifin da ake yafewa. Abin mamaki, Baba ya daina zuwa sayen ƙusa.

Ranar da motar katako za ta zo, Auta tana bakin shago tana goge wata ƙofa sai ta ji inji ya yi shiru. Can ta jiyo ƙarar zarton hannu daga ɗakin ajiya, a hankali, irin yankan mai gudun a ji shi. Ta yar da abin da ke hannunta ta ruga. Ta tarar da shi ya kwantar da kujerar a kan benci, zarto ya fara cin ƙafa ɗaya.

"Baba, don Allah ajiye zarton nan."

Ya ɗago. Tunda take ba ta taɓa ce masa ya ajiye kayan aiki ba. Ya ajiye.

"Laifin me aka yi maka?" in ji ta. "In ba ka so, ka faɗa mini da baki. Na gaji da yanke-yanken nan."

"Ni ne ma ba na so?" Baba ya zare fensir daga bayan kunne ya mayar. "Auta, ni zan tambaye ki. Baiwar Allah nan me ta tare miki? Kullum sai ta tambaye ni ke. Sau biyu kina ɗaga kujerar nan sama, so kike ta zauna tana reto da ƙafafu kamar 'yar yaye? Na gane, ba kya son kowa a wurin mahaifiyarki. Na haƙura, kin ga ko tsallakawa na daina. Yanzu ma ragewa zan yi in kai mata shago ta riƙa zama, kada katakon ya tashi a banza."

"Wace baiwar Allah?"

Baba ya dubi ƙasa, ya dubi rufi, ya dubi gwangwanayen ƙusa da ke jere a kan kanta. Auta ta bi idonsa. Ta dubi gwangwanayen, ta dubi gajeriyar ƙafar da ke cikin kwandon shara, ta hango ƙofar shagon da ke tsallaken titi. Sai ta zauna daɓas a kan tulin katako.

"Mai Ƙusa? Baba! Duk ƙusar nan?"

"Ƙusa ai ba ta ruɓewa," in ji shi, yana sosa ƙeya kamar yaron da aka kama da hannu a tukunya. Sai kuma ya haɗe gira. "Tsaya. In ba ki san da ita ba, wa kike auna wa waɗannan ƙafafun? Wannan ai ƙwaurin raƙumi ne."

Yanzu kuma ita ce mai kallon ƙasa. Da ƙyar ta ce, "Mai kawo mana katako."

"Direban nan? Ai ɗan madaidaici ne."

"A zaune kake ganinsa, Baba."

Baba ne ya fara, wata dariya ta ƙwace masa ta hanci, Auta ta kama, suka yi ta yi har ya dafa benci, ita kuma tana share hawaye da gefen ɗankwali. Maƙwabcinsu mai walda ya leƙo ya ga ko lafiya, ya koma yana girgiza kai.

Da dariyar ta lafa ta ce, "Tun yaushe?"

"An daɗe. Shekaru." Ya zauna kusa da ita, abin da ba su saba ba. "Na ce sai kin girma. Kada ki ga kamar na gaji da zama da ke."

"Ni kuma ina ta ce wa bawan Allah ya dakata, don kada in bar ka kai kaɗai. Saura ƙiris ya gaji. Baba, ai na girma tuntuni."

Ya daɗe yana kallonta, irin kallon da yake yi wa katako kafin ya sa fensir. "Haka ne," ya ce. "Duk layin nan babu wanda ban auna ba. Ke ce tun ranar da kujerarki ta kai tawa ban sake auna ki ba." Ya share ido da bayan hannu ya ce dusar katako ce. Ta bar shi a kan dusar katako ce.

Sai ga hon a bakin titi. Auta ta zabura za ta tashi, Baba ya ce, "Zauna, yau ni zan karɓi kaya." Ya ɗauki tef ɗin awo ya fita, tana biye da shi. Ya tsaya a gefen motar ya ƙwanƙwasa ƙofa.

"Samari, sauko."

Dogo ya dubi Auta, ta gyaɗa masa kai, bakinta har kunne. Ya buɗe ƙofa ya fara saukowa, ya yi ta saukowa, har ya miƙe tsaye. Baba ya ɗaga kai yana binsa da kallo har hularsa ta nemi faɗuwa.

"Ikon Allah. Kai kam za ka ci mini katako." Dogo ya durƙusa zai gaishe shi, Baba ya nuna masa benci. "Gaisuwa ta biyo baya. Zauna nan, miƙe bayanka, ka sa ƙafa a ƙasa sosai."

Dogo bai san dokar gidan ba, ya zauna yana zare ido, dattijo ya tsuguna a gabansa yana auna masa ƙwauri. Auta ta san abin da ake faɗa. Ta tsaya har Baba ya rubuta awon a jikin bango, sannan ta miƙa hannu.

"Ba ni tef ɗin."

"Ina za ki?"

"Da ido ka auna ta, na ga alama. Ba a yi wa kujerar gidanmu haka."

Ta tsallaka titi da sauri har wani mai babur ya yi mata tsawa. Mai Ƙusa tana tsaye bayan kanta tana ƙulla wa wani kaya. Da ta ga mai shigowa sai fara'arta ta ɗan ja baya, don ta kwana biyu ba ta ga mai sayen ƙusarta ba, kuma ta san dalilin ba ya wuce wannan yarinyar.

"Auta, lafiya? Me za a ba ki?"

Auta ta jawo wani akwati ta goge shi da hannu, ta ja tef ɗin ya fito. Ta buɗe baki za ta ce Gwaggo kamar kullum. Ɗayar kalmar ce ta taso, ta tsaya a inda ta saba tsayawa. Wannan karon Auta ta tura ta waje.

"Ba saye na zo ba," ta ce. "Zauna nan, Mama, in auna ki."